Tarihin Rayuwar Sir Charles Barry (1795–1860), Mai Tsara Ginin Majalisar Dokokin Birtaniya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kama tashar Landan a rediyo ya ji bugun ƙararrawar nan da ake kira Big Ben, to ya san wani abu game da gidan Majalisar Dokokin Birtaniya, ko da bai taɓa taka ƙasar Ingila ba. Gida ne mai manyan hasumiyoyi uku, a unguwar Westminster, daf da bakin kogin Tems. A cikinsa ne aka zartar da dokar da ta ba Nijeriya mulkin kai a 1960, kuma tsarin majalisar da wannan ƙasa ta bi daga 1960 zuwa 1966 daga can aka kwaikwayo shi. An san gidan, amma ba a cika sanin mutumin da ya tsara shi ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a kawo tarihin wannan mutum, watau Charles Barry, a nuna yadda ya samu aikin, da irin wahalar da ya sha a kansa, sa'an nan a dubi gardamar da ta taso bayan rasuwarsa a kan ko shi kaɗai ya cancanci yabon aikin, ko kuwa akwai wanda aka danne wa haƙƙi.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Charles Barry ran 23 ga watan Mayu, 1795, a wani titi da ake kira Bridge Street cikin Westminster, daura da wurin da babbar hasumiyar agogo take tsaye a yau. Mahaifinsa mai sayar da takardu ne da kayan rubutu, ba basarake ba ne, ba kuwa wani babban attajiri ba. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ɗan shekara uku, mahaifin kuma ya bi ta a 1805, saboda haka a hannun matar uba ya tashi.

Bai yi karatu mai zurfi ba, bai kuwa shiga jami'a ba. Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi koyon sana'a a wurin wasu masu awon filaye da zanen gine-gine a unguwar Lambeth, a ƙetaren kogi, ya yi shekara shida a hannunsu. A nan ya koyi awo da ƙiyasin kuɗin gini da hulɗa da magina, waɗanda su ne suka zame masa jari daga baya. Tun yana ɗan koyo hannunsa ya faɗa a zane, har daga 1812 aka fara nuna zane-zanensa a bajen kolin shekara-shekara na babbar ƙungiyar masu zane ta Landan.

Tafiyar Neman Sani

Da ya cika shekara ashirin da ɗaya sai aka danƙa masa ɗan gadon da mahaifinsa ya bari. Maimakon ya buɗe ofis ko ya yi aure, sai ya ƙulla niyyar kashe kuɗin a yawon ganin gine-ginen duniya. Ya bar Ingila a watan Yuni na 1817, ya ratsa Faransa da Italiya da Girka, har birnin Santambul. Guzuri ya kusa ƙarewa ke nan sai ya gamu da wani matafiyi mai hali, David Baillie, wanda ya ga zane-zanensa suka burge shi, ya ɗauke shi a kan fam 200 a shekara domin ya raka shi yana zana masa abubuwan da suka gani. Da haka Barry ya shiga Masar, ya bi kogin Nilu zuwa kudu, daga nan ya ziyarci Ƙudus da ƙasar Sham. Bai koma gida ba sai a watan Agusta na 1820.

Abin da ya fi kama zuciyarsa a wannan tafiya shi ne fadojin attajiran Italiya na birnin Rum da na Fulorans, saboda daidaiton tsarinsu: taga na fuskantar taga, ɓangaren dama na daidai da na hagu, babu abin da ya karkace. Wannan son daidaito bai rabu da shi ba har ya mutu, kuma za mu sake cin karo da shi a gaba.

Farkon Ayyukansa

A watan Disamba na 1822 ya auri Sarah Rowsell, wadda ta yi haƙurin jiransa duk tsawon tafiyarsa. Ayyukansa na farko majami'u ne a yankin Manchesta da garin Brighton. Daga nan ya ci gasar tsara wani babban gini a Manchesta a 1824, wanda yanzu shi ne gidan nuna zane-zane na birnin. Sunansa ya fito sosai sa'ad da ya gina kulob na matafiya a titin Pall Mall na Landan bisa salon fadojin Italiya, aka gama a 1832. Wani aikin da ya kamata a lura da shi shi ne makarantar Sarki Edward a Birmingham, wadda ya fara a 1833, domin a kan wannan aiki ne ya fara ɗaukar wani saurayi mai suna Augustus Pugin ya taya shi zanen kayan ado.

Gobarar 1834

Tsohuwar fadar Westminster gidan sarakunan Ingila ce tun ƙarni na 11. Bayan sarakuna sun bar zama a cikinta sai ta zama mazaunin majalisu da kotuna, ana ta yi mata ƙari da faci, ɗaki a kan ɗaki, yawanci da katako. Abin da ya ci ta kuwa abin mamaki ne. Tun zamanin da, Baitulmalin Ingila na ajiye lissafin kuɗi ne da wasu sanduna da ake yi wa tsaga-tsaga gwargwadon adadin kuɗin, sa'an nan a raba sandar biyu, mai biya ya riƙe ɓari, hukuma ta riƙe ɓari. An daina amfani da su a 1826, amma tsofaffin suna nan jibge. Ran 16 ga Oktoba, 1834, aka ba wasu leburori umarnin ƙona cikin amalanke biyu na waɗannan sanduna a murahun ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin Majalisar Dattawa. Suka yini suna tura itace, bututun hayaƙi ya yi zafi fiye da kima, da magariba wuta ta tashi. Kafin gari ya waye zaurukan majalisun biyu sun zama toka.

Abin da aka yi nasarar cetowa mafi muhimmanci shi ne babban zauren Westminster, wanda aka fara ginawa a 1097, aka kuma yi masa shahararren rufinsa na katako a ƙarshen ƙarni na 14.

Gasar Zane

A 1835 majalisa ta yi shelar gasa, ta kuma gindaya sharaɗin cewa sabon gidan ya kasance cikin salon Gotik ko salon zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Salon Gotik shi ne na tsofaffin majami'un Turai, mai bakuna masu tsini, da dogayen tagogi, da hasumiyoyi sirara, da sassaƙa mai yawa a jikin dutse. Wannan sharaɗi yana da dalili na siyasa. Salon Girkawa da Rumawa, mai farin bango da jerin ginshiƙai, a lokacin ana danganta shi da jamhuriya, watau da Amurka da juyin juya halin Faransa, alhali masu mulkin Ingila suna son gidan da zai tuna wa jama'a daɗewar sarauta da al'adun ƙasarsu.

Nan Barry ya ga gaba ya ga baya. Gwanintarsa tana wajen tsarin fili da salon Italiya, ba wajen adon Gotik ba. Saboda haka ya sake neman Pugin, wanda a lokacin yake ɗan shekara ashirin da uku, ɗa ga wani Bafaranshe mai zane, wanda ya tashi yana auna tsofaffin majami'u tun yana yaro. Barry ya shimfiɗa tsarin gidan, Pugin ya zana shi cikin kyakkyawar sura. Zane 97 aka shigar gasar, kowanne da alama a maimakon sunan mai shi. Na Barry shi ne lamba 64, alamarsa kuwa ƙyauren ƙarfe mai raga irin na ƙofar ganuwa, wanda har yau shi ne tambarin majalisar. A farkon 1836 aka bayyana cewa shi ya ci. An ƙiyasta za a gama aikin cikin shekara shida a kan fam 724,986. Ya ɗauki fiye da shekara talatin, ya kuma ci fiye da fam miliyan biyu.

Tsarin Gidan

Hikimar Barry ta fi bayyana a shimfiɗar gidan. Ya ja layi guda miƙaƙƙe daga kudu zuwa arewa, ya jera muhimman ɗakuna a kansa: gadon sarauta a cikin Majalisar Dattawa, sai zauren dattawan, sai wani babban zaure mai kusurwa takwas a tsakiya, sai zauren Majalisar Wakilai, sai kujerar shugabanta a can ƙarshe. Idan aka buɗe ƙofofin duka, kujerar shugaban wakilai tana fuskantar gadon sarauta. Ke nan tsarin mulkin ƙasar, na sarki da dattawa da wakilan jama'a, an shimfiɗa shi a ƙasa yadda ido zai gani. Zauren tsakiya kuwa nan ne talaka yake zuwa ya nemi ganin wakilinsa.

A kusurwar kudu maso yamma ya kafa Hasumiyar Victoria, mai tsawon mita 98 da ɗoriya, a ƙarƙashinta ƙofar da sarki ko sarauniya ke shiga ranar buɗe majalisa. An gina ta ne domin ta zama ma'ajin takardun majalisa wanda wuta ba za ta ci ba, saboda darasin da aka koya a 1834. A arewa kuma ya sa hasumiyar agogo mai tsawon mita 96. Da yake hasumiyoyin biyu ba su yi kama da juna ba, sun karya yawan daidaiton da ke fuskar gidan ta wajen kogi, wadda tsawonta ya haura mita 260. Tsohon zauren Westminster bai bar shi a ware ba, ya haɗe shi da sabon gini ya zama hanyar shiga. Gidan yana da ɗakuna fiye da 1,100, da matakalai kimanin 100, da lunguna da tsawonsu ya kusa kilomita 5. Duk da kamanninsa na zamanin da, rufinsa na ƙarfe ne, an kuma yi amfani da dabarun injiniya na sabon zamani wajen ɗaga kaya.

Wahalhalun Aikin

Tun daga harsashi aka fara shan wuya, domin wani sashe na filin daga cikin kogi aka ƙwato shi. Sai da aka kafa shingen tare ruwa daga 1837, aka gina katangar bakin kogi, kafin matar Barry ta aza dutsen harsashi ran 27 ga Afrilu, 1840. A 1841 masassaƙan dutse suka shiga yajin aiki saboda musgunawar wani shugaban ma'aikata, aka yi watanni ana ja-in-ja.

Dutsen ginin ma ya zama matsala. Wani kwamiti, wanda Barry na cikinsa, ya zaɓi dutsen Anston daga lardin Yorkshire saboda launinsa da sauƙin sassaƙarsa. Amma hayaƙin kwal na Landan bai bar shi ba, tun Barry na raye ya fara zaizayewa, har ya zama dole a ƙarni na 20 a maye gurbin mai yawa daga cikinsa da wani dutse daga Clipsham. Wannan kuskure ne wanda ba za a iya wanke Barry daga gare shi gaba ɗaya ba.

Babbar damuwarsa kuwa ita ce yawan iyayen gida. Kwamitocin majalisu biyu, da ofishin ayyuka, da Baitulmali, kowa na ba da umarni, kowa na sauya ra'ayi. An naɗa wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, David Boswell Reid, ya kula da shigar iska da ɗumama ɗakuna, ba tare da an sa shi ƙarƙashin Barry ba. Reid ya nemi a ba shi wuri mai yawa domin hanyoyin iska, har hasumiyar tsakiya, mai tsawon mita 91, saboda buƙatarsa aka ƙara ta don ta zama mafitar gurɓatacciyar iska. Mutanen biyu suka ɓata har ba sa magana sai ta wasiƙa, aikin ya yi ta jinkiri, daga bisani aka sallami Reid a 1852. Haka kuma da aka kafa hukumar zaɓen hotunan da za a ƙawata bango da su a 1841, ƙarƙashin Yarima Albert mijin Sarauniya Victoria, ba a sa Barry cikin membobinta ba. Ladan aikinsa ma sai da ya shekara da shekaru yana jayayya da Baitulmali a kansa, a ƙarshe aka biya shi ƙasa da abin da aka saba biyan masu sana'arsa.

An buɗe zauren Majalisar Dattawa a 1847, kowa ya yaba. Na wakilai kuwa da aka gwada shi a 1850 sai membobi suka yi kukan ba sa jin maganar juna, aka tilasta wa Barry ya sauko da rufin ɗakin, abin da ya ɓata masa tsari, ya kuma ɓata masa rai ƙwarai. A 1852 wakilai suka tare, Sarauniya Victoria ta buɗe majalisa ta sabuwar ƙofarta, aka kuma ba Barry laƙabin Sir.

Barry da Pugin

A 1844, da lokacin adon cikin gida ya yi, Barry ya sake komawa wurin Pugin. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa Pugin ya yi ta zubo zane babu ƙaƙƙautawa: gadon sarauta, da kujeru, da ƙofofi, da tayil na daɓe, da gilasan tagogi masu launi, da takardun adon bango, da fitilu, har ƙananan abubuwa irin su maratayin tufafi da gidan tawada. Albashinsa kaɗan ne in an kwatanta da aikin, sunansa kuma ba ya fitowa a bainar jama'a. Zanen hasumiyar agogo na cikin ayyukan ƙarshe da ya yi wa Barry. A farkon 1852 hankalinsa ya gushe, aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali, ya rasu ran 14 ga Satumba na wannan shekara a garin Ramsgate yana da shekara arba'in.

Bayan mutanen biyu sun kau, sai 'ya'yansu suka ɗauki faɗan da iyayen ba su yi ba. A 1867 Edward Pugin ya wallafa cewa mahaifinsa ne ainihin mai zanen gidan, Alfred Barry kuma ya mayar da martani yana kare nasa mahaifin. Abin da masana suka fi tsayawa a kai a yau shi ne, shimfiɗar gidan da girman sassansa da jagorancin aikin na Barry ne, adon da ya ba gidan kamanninsa kuwa yawancinsa daga hannun Pugin ya fito. A ganina wannan hukunci ya yi daidai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Pugin shi kaɗai da wuya ya iya jure wa kwamitoci shekara ashirin da huɗu, Barry shi kaɗai kuwa da bai samar da irin wannan ado ba. Amma fa akwai laifi a wuyan Barry, domin yana da bakin da zai bayyana wa duniya gudummawar abokin aikinsa tun yana raye, bai kuwa yi hakan yadda ya kamata ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ko hasumiyar agogo ba ta ƙare lami lafiya ba. Ƙararrawar farko da aka zuba a 1856 ta tsage wajen gwaji, aka narkar da ita aka sake zuba wata a 1858, mai nauyin fiye da tan 13. Agogon ya fara aiki ran 31 ga Mayu, 1859, amma cikin 'yan watanni sabuwar ƙararrawar ita ma ta tsage. Daga baya aka juya ta aka sa mata guduma mara nauyi, kuma da wannan tsaga take bugawa har yau. Ita ƙararrawar ce Big Ben, hasumiyar kuwa tun 2012 sunanta Hasumiyar Elizabeth.

A tsakanin wannan duka Barry bai bar sauran ayyuka ba. Shi ya gina kulob na Reform, ya tsara dandalin Trafalgar, ya kuma sabunta manyan gidajen sarauta kamar Highclere da Cliveden. A 1850 ƙungiyar masu tsara gine-gine ta Birtaniya ta ba shi lambarta ta zinariya. Amma gajiya da ɓacin rai sun riga sun ci ƙarfinsa. Ya rasu da ciwon zuciya a gidansa da ke Clapham ran 12 ga Mayu, 1860, saura kwana goma sha ɗaya ya cika shekara sittin da biyar. An binne shi a babbar majami'ar Westminster, daura da gidan da bai ga ƙarshensa ba. Ɗansa Edward Middleton Barry ne ya ƙarasa aikin wajen 1870. Wani ɗan nasa, John Wolfe Barry, shi ne injiniyan shahararriyar gadar Tower ta Landan.

Gidan Bayan Barry

A daren 10 ga Mayu, 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka jefa bom ya ƙone zauren Majalisar Wakilai. Winston Churchill ya nace a sake gina shi a kan tsohon tsarinsa, watau benci na fuskantar benci, gwamnati a gefe guda, 'yan hamayya a ɗaya gefen, kuma a bar shi da ƙanƙancinsa. Wannan ne ya sa har yanzu mazaunan da ke ciki ba su kai yawan membobi 650 ba. Giles Gilbert Scott ne ya tsara sabon zauren, aka buɗe shi a watan Oktoba na 1950. Ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya da ƙawayenta sun ba da gudummawar kaya: kujerar shugaban majalisa daga Ostireliya, teburin tsakiya daga Kanada, Nijeriya kuwa ta ba da kayan katakon loko na ɗakin da masu amincewa da ƙuduri ke bi a ƙirga su. A 1987 hukumar UNESCO ta sa gidan cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Kammalawa

An ga yadda maraya ɗan mai sayar da takarda, wanda bai shiga jami'a ba, ya tsara gidan da ya zama alamar ƙasarsa, ta hanyar koyon sana'a a hannu, da tafiyar neman sani, da haƙuri da masu iko. An kuma ga kurakuransa, musamman zaɓen dutse da sakacinsa game da haƙƙin Pugin. Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu mu ɗaliban Hausa kai tsaye, domin a nazarinmu na adabi da al'adu kullum muna cin karo da ayyukan da suka ɗauki sunan mutum guda alhali hannuwa da yawa ne suka yi su, kamar waƙar makaɗi da 'yan amshinsa, ko ginin fada da maginanta. Wajibi ne ga mai bincike, duk sa'ad da ya rubuta sunan shugaban aiki, ya ƙara tambaya su wane ne suka tsaya a bayansa, ya rubuta nasu sunayen tun ana iya samunsu.